Amsoshin Tambayoyinku: Kai Ɗalibai Daji a Dogon Hutu

Wata mai sauraronmu daga Asawase a Kumasi ta tambaya ko akwai amfani a bar yara su bi makaranta zuwa dajin Boabeng-Fiema lokacin dogon hutu, tunda an ce mutanen wurin birai suke tsarkakewa. Hajiya, a ganina ki bar su su je. Ƙauyukan biyu, Boabeng da Fiema, suna kusa da Nkoranza, kuma tun kaka da kakanni al'adarsu ta haramta kashe biri, har idan ya mutu sai a sa shi a ƙaramin akwati a binne a makabartar birai. Da al'adar ta fara rauni a shekarun 1970, sai aka kafa dokar yankin ta mara mata baya. Shi ya sa yau biran mona ke shiga tsakar gida suna warce ayaba, manyan itatuwa kuma na tsaye, alhali yawancin ƙasar da ke kewaye ta koma gonaki.

Damuwarki kan aƙida tana da hujja, amma ganin yadda wata al'umma ta tsare dajinta ba ya nufin karɓar imaninta. Malami mai hankali zai bambance wa yara tsafin da dabarar, wato doka da mutanen gari suka ɗauka tasu ce. Idan kuma kuɗin mota ne ya yi nauyi, Owabi na nan gefen Kumasi, inda dajin da aka keɓe ke kare madatsar da wani ɓangaren birnin ke shan ruwanta.