Hanyar Metropolitan: Jirgin Ƙasa Na Farko Da Ya Bi Ƙarƙashin Birni

A wajen shekarar 1850 birnin Landan ya cika ya batse. Manyan hanyoyin reluwe sun riga sun iso daga sassan Ingila, amma hukuma ta hana su shiga tsakiyar gari, sai suka tsaya a gefe, a tashoshi irin su Paddington da Euston da King's Cross. Duk wanda ya sauka a can tilas ya nemi keken doki, ko ya taka da ƙafa zuwa wurin aikinsa. Tituna suka cushe, har tafiyar da ba ta kai ta kawo ba takan cinye wa mutum hantsinsa.

Wani lauyan hukumar birnin, mai suna Charles Pearson, shi ya dage a kan cewa tun da babu wuri a bisa, to, a bi ta ƙarƙashi. Mutane da yawa suka mai da shi abin dariya. Amma a 1854 Majalisar Dokoki ta ba da izni, hukumar birni kuma daga baya ta zuba fam 200,000 a cikin kumfanin. Aka soma aiki a 1860 a hannun injiniya John Fowler.

Dabarar ginin ba ta da wuyar ganewa ga wanda ya taɓa ganin ana yin kwalbati. Sai a fasa titi, a haƙa rami mai faɗi da zurfi, a gina bango na tubali dama da hagu, a rufa shi da baka ko da ƙarfe, sa'an nan a mai da ƙasa a shimfiɗa titi kamar da. An bi ƙarƙashin titi ne musamman domin a guje wa biyan diyyar gidaje. Inda titi ya ƙare kuwa, wajen kwarin Fleet, sai aka rushe unguwannin talakawa. Masu gidajen sun karɓi diyya, amma 'yan haya, waɗanda su ne suka fi yawa, suka kwashe komatsansu suka ƙara cunkoso a unguwannin maƙwabta. Wannan shi ne sashen labarin da ya fi kusa da aikin hakimi da magatakarda, gama duk inda za a ratsa da hanya, sunan mai fili ne ke shiga littafi, wanda ke kwana a cikin ɗakin kuwa sau da yawa ba a rubuta shi. A 1862 kuma babban magudanar ƙazantar Fleet ya fashe ya malale ramin, aiki ya koma baya.

An buɗe hanyar ga jama'a ran 10 ga Janairu, 1863, daga Paddington zuwa Farringdon, tsawon mil uku da rubu'i uku. Wato shekara 48 ke nan kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Pearson bai ga ranar ba, ya mutu 'yan watanni kafin nan. A ranar farko mutum wajen 38,000 suka hau, cikin shekara guda kuma aka ɗauki fiye da miliyan tara. Kuɗin tafiya sisi ne a aji na ɗaya, kwabo huɗu a na biyu, taro a na uku.

Babbar wahala ita ce hayaƙi. Kan jirgin na kwal ne, taragai na katako, fitilu na gas. An ƙera injuna masu mai da tururi cikin tankin ruwa, an kuma bar kafofi a bisa domin iska, amma duk da haka matafiya sukan fito suna tari. Ba a rabu da wannan ba sai da aka sa lantarki a 1905.

Kumfanin bai tsaya cikin rami ba. Ya miƙa hanya arewa maso yamma, ya kai Harrow a 1880, Chesham a 1889. Ya kuma yi wata hikima: filayen da suka ragu masa a gefen hanya ya yanka su ya gina gidaje, ya sayar wa ma'aikatan birni, su kuwa suka zama masu hawan jirginsa safe da yamma. A 1933 aka haɗe shi da sauran hanyoyin birnin a ƙarƙashin hukuma guda.

A yau hanyar tana da tashoshi 34, tsawonta ya ɗara mil 41, daga Aldgate zuwa rassa huɗu: Uxbridge, Watford, Amersham da Chesham. Ko da yake ana kiranta ta ƙarƙashin ƙasa, mafi yawanta a sarari take. Wasu jiragenta sukan tsallake ƙananan tashoshi domin masu nisa su isa da wuri. Tun daga 2010 aka soma kawo sababbin jirage masu tarago takwas, da na'urar sanyaya iska, mutum kuma yana iya ratsawa daga wannan ƙarshe zuwa wancan ba ƙofa a tsakani. Daga Baker Street zuwa Farringdon kuwa, har yanzu cikin ramin tubalin nan na 1863 suke bi.