Darasinmu Na Wannan Wata: Injin Ban Ruwa Mai Fetur Da Mai Hasken Rana

Yau za mu duba injin ban ruwa iri biyu. A karanta a hankali.

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce an cire tallafin man fetur. Kafin nan, a farashin gwamnati, lita ɗaya ba ta kai Naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ta wuce Naira 500 a Arewa. Tun daga lokacin manomi yake tambaya: wane inji ya fi?

Inji mai fetur

Yana ƙona mai ne ya ja ruwa. Kuɗin sayensa da sauƙi. Ana ɗora shi a babur a kai fadama. Yana aiki dare da rana. Makanikensa yana kusa.

Amma kullum sai ya sha mai. Yana son canjin baƙin mai da fulogi. Cikin hayaƙinsa akwai wata guba marar launi, marar wari. Kada a tayar da shi cikin ɗaki ko cikin rijiya. Yana kisa.

Inji mai hasken rana

Wannan lantarki yake amfani da shi. Farantan sola ne suke mai da hasken rana ya zama wuta. Ba mai, ba hayaƙi, ba ƙara sosai.

Amma yana da tsada ranar saye. Ƙarfinsa yana raguwa da safe, da yamma, da ranar hazo. Idan babu batir, ba ya aiki da dare. Dole a riƙa goge ƙura daga farantan, a kuma tsare su daga ɓarayi.

Mu yi lissafi

Misali, injinka yana shan lita 4 a rana. Ka yi ban ruwa kwana 60. Lita 4 sau 60, lita 240 ke nan. Tambayi kuɗin lita ɗaya a yau, ka ninka sau 240. Abin da ya fito, gwada shi da kuɗin sola.

Mai fetur arha ne yau, tsada gobe. Mai sola tsada ne yau, sauƙi gobe. Wanda ba shi da ƙarfi shi kaɗai, sai ya haɗa kai da maƙwabtan gonarsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a tayar da inji cikin rijiya?
2. Yaushe ƙarfin sola yake raguwa?
3. Lita 5 sau 60, nawa ke nan?