Hukuncin Zuba Kuɗi Inda Aka Yi Alkawarin Riba Ba Hasara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasinmu na wannan mako amsa ce ga wata wasiƙa da wani ɗan'uwa ya aiko mana daga Babban Mutum, cikin Ƙaramar Hukumar Baure ta ƙasar Daura. Ya ce wani abokinsa ya nuna masa wani kamfani a wayar hannu, wanda in ka zuba naira 100,000 za a riƙa ba ka naira 30,000 kowane wata kana kwance a ɗakinka, uwar kuɗinka kuwa tana nan ba abin da zai taɓa ta. In kuma ka kawo wani ya shiga, akwai lada na dabam. Abokin ya riga ya karɓi biya sau biyu, har ya nuna masa saƙon banki. Shi kuwa mai tambaya yana da sa guda da ya ke turkawa, yana shawarar ya sayar ya zuba kuɗin. Tambayarsa ita ce, shin wannan halal ne?

Amsa a taƙaice: ɗan'uwa, riƙe sanka. Wannan ma'amala ba ta halatta ba, kuma dalilin da ya haramta ta shi ne alamar da ke nuna zamba ce. Ga bayani.

Musulunci bai hana mutum ya ba da dukiyarsa a juya masa ya ci riba yana zaune ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi fatauci zuwa Sham da dukiyar Nana Khadija, Allah Ya yarda da ita, tun kafin a aiko shi. Malaman Malikiyya suna kiran ma'amalar da wani zai ba da jari wani ya yi aiki su raba riba ƙirali, wasu kuma su ce mudaraba. Akwai babinta a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, an kuma yi bayaninta a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda a ke karantawa a zaurukanmu. Sharuɗɗanta sanannu ne. Na farko, rabon kowa ya zama wani yanki ne na ribar da za a samu, watau rabi, ko sulusi, ko rubu'i, ba wani adadi da aka yanke tun farko ba. Na biyu, ba a ɗora wa mai juya kuɗin lamunin jari. In aka yi hasara ba da sakacinsa ba, mai dukiya ya rasa dukiyarsa, shi kuwa ya rasa wahalarsa. Da zarar an ce jarinka ba zai ragu ba, kuma za a ba ka kaza kowane wata, to, an bar ƙirali an koma bashi da ƙari, wannan kuwa shi ne riba wadda Allah Ya haramta a ƙarshen Suratul Baƙara.

Imamu Malik ya ruwaito wani labari da ke ƙara fayyace wannan. Abdullahi da Ubaidullahi, 'ya'yan Sayyidina Umar, sun biyo ta Basra a kan hanyarsu ta dawowa daga yaƙi. Gwamnan garin, Abu Musal Ash'ari, ya ba su rancen wasu kuɗin Baitulmali da ya ke so ya aika Madina, don su sayi haja su sayar a can su miƙa uwar kuɗin. Da suka iso suka ci riba, sai Umar ya ce su kawo kuɗin da ribar duka, domin ba a yi wa sauran mayaƙa irin wannan gata ba. Ubaidullahi ya kawo hujja cewa da dukiyar ta salwanta, ai su za su biya. Daga ƙarshe aka mai da abin ƙirali, Baitulmali ya ɗauki jari da rabin riba, su kuma rabi. Abin lura a nan shi ne, duk muhawarar ta tsaya ne a kan tambaya guda: wa zai ɗauki hasara in ta zo? Ƙa'idar shari'a ke nan, wanda ya ɗauki nauyin hasara shi ya cancanci riba.

Mutanen karkara sun san wannan tun kaka da kakanni. Wanda ya ba da tunkiya kiwo ya san tana iya haihuwar tagwaye, tana kuma iya mutuwa. Wanda ya sayi gero da kaka ya ajiye ya san farashi na iya tashi da bazara, yana kuma iya faɗuwa, ko ƙwari su shiga buhu. Ba wani falke a kasuwar Mai'adua ko Dawanau da zai rantse maka cewa zai ci ribar kashi 30 cikin ɗari kowane wata har shekara ta zagayo.

Mu yi lissafi. Naira 10,000 in tana ƙaruwa da kashi 30 cikin ɗari kowane wata, ana mai da ribar cikin jari, za ta kai kusan naira 233,000 a shekara guda. A shekara biyu ta wuce naira miliyan 5, a shekara uku ta wuce miliyan 120. Wanda ya san sana'ar da ke haifar da irin wannan, me zai yi da kuɗin sanka? Ai da bankuna sun yi layi a ƙofarsa.

To, in ba ciniki a ke yi ba, daga ina kuɗin da aka biya abokin mai tambaya suka fito? Daga aljihun waɗanda suka shigo bayansa. Ana karɓa daga na baya a biya na gaba, don na gaba ya zama shaida ya jawo wasu. Shi ya sa a ke ba da lada ga mai kawo mutane. Amma mutane suna da iyaka. In kowa zai kawo mutum shida, kowannensu ya kawo shida, a hawa na 11 ana bukatar fiye da mutum miliyan 360, watau fiye da jama'ar Nijeriya gaba ɗaya. Ranar da masu shiga suka ragu, ranar a ke rufe ƙofa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A shekarar 1920 wani mutum mai suna Charles Ponzi ya yi ta a birnin Boston na Amurka, yana alkawarin ribar kashi 50 cikin ɗari a kwana 45, da sunan yana cinikin takardun gidan waya na ƙasa da ƙasa. Kafin shekarar ta ƙare asirinsa ya tonu, aka ɗaure shi, har yau kuma da sunansa a ke kiran irin wannan zamba. A 2008 aka kama Bernard Madoff a New York, wanda ya yaudari attajirai da masu ilmin tattalin arziki shekara da shekaru, aka yanke masa ɗaurin shekara 150 a 2009. Saboda haka kada wani ya ce jahilai kaɗai a ke cuta.

A nan gida, kowa ya tuna da MMM, wadda Sergei Mavrodi ya ƙirƙiro a Rasha, ta rushe a can a 1994, sa'an nan ta ɓullo a Nijeriya tana alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata da sunan taimakon juna. Hukumomi sun yi gargaɗi, jama'a suka toshe kunne. A watan Disamba na 2016 aka kulle asusun mutane, dukiya mai yawa ta tafi, Mavrodi kuwa ya mutu a 2018. Ba a yi shekara goma ba sai ga CBEX, wadda ta ce tana cinikin kuɗin intanet, tana ninka jari cikin kwana 30. A watan Afrilu na 2025 ta rushe, har fusatattun mutane suka afka wa ofishinta a Ibadan, Hukumar EFCC kuma ta shiga bincike. Suna ne kawai ke sauyawa.

Ga alamomin da ya kamata kowa ya riƙe. Ta ɗaya, alkawarin riba tsayayya mai yawa, ba zancen hasara. Ta biyu, ba a iya nuna maka hajar da a ke saye da sayarwa. In ka tambaya sai a cika ka da kalmomin da ba ka fahimta. Jahiltar abin da a ke ƙulla ciniki a kansa shi ne garari, wanda Annabi ya hana. Ta uku, ana matsa maka ka kawo mutane. Ta huɗu, gaggawa, wai gobe za a rufe rajista. Ta biyar, zuba kuɗi da sauƙi, cirewa da wuya, har a ce sai ka ƙara biyan wani abu kafin a sakar maka naka. Ta shida, rashin izinin Hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari. A lura, takardar rajistar kamfani ta CAC shaida ce kawai cewa an yi rajistar suna, ba izinin karɓar jarin jama'a ba ce. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 10 ga masu kafa irin wannan tarko.

Kada kuma rigar addini ta ruɗe ku. Mazambaci yana iya buɗe taro da addu'a, ya raba shinkafa da azumi, ya rubuta "halal" a jikin allonsa. Hukunci yana bin haƙiƙanin ma'amala ne, ba sunanta ba. Muna jan kunnen limamai da masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin mata: duk wanda ya ara wa irin waɗannan mutane mutuncinsa, jama'a suka shiga saboda ganinsa, yana da kamasho a cikin alhakin.

Saura wanda ya riga ya shiga. In ya yi hasara, ya yi haƙuri, ya kai ƙara ga hukuma, kada ya sake biyan ko kwabo ga mai cewa zai karɓo masa. Kada kuma ya yi shiru don kunya, domin shirunsa ne ke ba mazambaci damar cutar maƙwabcinsa. In kuwa yana cikin waɗanda aka biya, to, ya sani abin da ya haura jarinsa ba riba ba ce, dukiyar wasu Musulmi ce da aka karɓa da yaudara, Allah kuwa Ya hana cin dukiyar juna da ɓarna a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i. Sai ya tuba, ya mayar da ƙarin, ya fara da waɗanda shi ya jawo. In bai san masu ita ba, ya yi sadaka da ita a madadinsu. Wannan nasiha ce ga abokin mai tambaya musamman, tun kafin ya wayi gari yana ɓuya daga 'yan'uwansa a ranar kasuwa.

Kai kuwa ɗan'uwa, in kana son dukiyarka ta yi maka aiki, hanyoyin halal suna nan a buɗe. Ci gaba da turkar sanka. Ko ka ba wani amintacce da ka san shagonsa jari bisa ƙirali, ku rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, kamar yadda Alƙur'ani ya koyar game da bashi. Akwai kuma bankunan da ba su ta'amali da kuɗin ruwa, irin su Ja'iz da ya fara aiki a 2012. Ribar waɗannan hanyoyi ba ta da yawa, tana kuma zuwa a hankali, amma ka san inda ta fito. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya tsare mu daga haram, Ya mayar wa waɗanda aka zalunta da mafi alheri. Allah ne Mafi sani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.