Yadda Helen Kela ta koyi zama da mutane

A ƙasar Amurka, cikin jihar Alabama, akwai wani ƙaramin gari da ake kira Taskambiya. A nan aka haifi Helen Kela, ran 27 ga watan Yuni na shekarar 1880. Lafiya lau aka haife ta. Tana gani, tana ji, har ta fara tafiya, ta fara gwarancin magana irin na yara.

Tana da wata 19 sai wani zazzaɓi mai tsanani ya kama ta. Har an fara fid da rai da ita. Allah ya sa ta tashi, amma ciwon ya tafi da ganinta da jinta. Da yake ba ta jin abin da ake faɗi, ƴan kalmomin da ta fara koyo ma suka ɓace mata.

Helen yarinya ce mai kaifin hankali. Ita da kanta ta ƙago alamun da za a gane ta da su. In ta jawo mutum, tana nufin ya zo. In ta tura shi, tana nufin ya tafi. In burodi take so, sai ta yi kamar tana yanka shi tana shafa masa man shanu. In uwarta take nema, sai ta shafa kumatunta. Alamun nan nata sun fi 60. Amma ina alama 60 za ta isa yarinya mai shekara shida ta faɗi duk abin da ke ranta? Wani lokaci takan tsaya tsakanin mutum biyu masu hira, ta taɓa leɓunansu, ta ji suna motsi. Sai ita ma ta motsa nata, ba wanda ya gane ta. Haushi ya kama ta, ta faɗi ƙasa tana birgima, tana shuri, tana ihu har ta gaji.

Mutanen gida suna jin tausayinta ƙwarai, saboda haka ba mai hana ta kome. Wata rana ta kulle uwarta cikin ɗakin ajiyar abinci har awa uku. Ta zauna a waje tana dariya, don tana jin girgizar ƙofar da uwar ke bugawa. Wata rana kuma ta tarar an kwantar da ƙanwarta jaririya a gadon ƴar tsanarta. Sai ta kifar da gadon. Ba don uwar ta yi sauri ta cafe jaririyar ba, da abin ya yi muni.

Wajen cin abinci abin ya fi ɓaci. A ƙasarsu kowa da farantinsa da cokalinsa. Helen kuwa ba ta zama. Sai ta riƙa zagaya teburi tana tsoma hannu cikin farantin kowa, ta ɗauki abin da ya yi mata. Wannan daidai yake da yaro ya miƙa hannu gaban babba cikin akushi ya ɗauke masa nama. Iyayen suna gani, su yi shiru, wai kada a sa ta kuka. So ne, amma so mai cutarwa. Masu iya magana sun ce ka so naka duniya ta ƙi shi. Har wasu daga cikin dangi sun fara cewa gara a kai ta wani wuri a ajiye.

Iyayen ba su yarda ba. A shekarar 1886 suka je wurin Alekzanda Giraham Bel, mutumin nan da ya yi suna wajen ƙera tarho, wanda kuma malamin kurame ne. Ya ba su shawara su rubuta wa makarantar makafi ta Fakins, a birnin Bostan. Makarantar ta aiko musu da malama mai suna An Suliban. Shekarunta 20. Ita ma amodari ya taɓa idanunta tun tana ƙarama, kuma ta tashi a gidan ajiye marasa galihu. Ta san wahala, ta kuma san makaho yana iya koyo kamar kowa. Ta iso gidan ran 3 ga watan Maris na 1887.

Ba a yi kwanaki ba rigima ta tashi wajen karin kumallo. Helen ta zo za ta tsoma hannu cikin farantin Malama An. Malama ta janye hannun. Ta sake miƙowa, Malama ta sake janye shi. Helen ta faɗi ƙasa tana shuri. Iyayen suka kasa jurewa, suka fita. Malama ta kulle ƙofa, ta ci gaba da cin abincinta. Bayan kamar rabin awa Helen ta tashi, ta zagaya teburi tana laluben kujeru, ta tarar ba kowa. Sai ta koma wurinta ta fara ci da hannu. Malama ta ba ta cokali, ta jefar. Malama ta sa ta ta sauka ta ɗauko. Haka suka yi ta yi, har Helen ta ƙare abincinta da cokali. Cikin rigimar nan Helen ta yi ta mintsinin Malama, Malama kuma ta mare ta. A yau masana tarbiyya ba su yarda da dukan yaro ba, kuma ba marin ne ya gyara Helen ba. Abin da ya yi aiki shi ne Malama ba ta fasa ba. Abin da ta hana jiya, shi za ta hana yau.

Malama ta lura in Helen ta yi kuka, iyayen suna warware duk abin da ta ɗaura. Sai ta roƙi a bar su su biyu a wani ƙaramin ɗaki da ke cikin lambun gidan. Suka yi kamar mako biyu a can. Uban yakan zo ya leƙa ta taga. Ya yi mamaki da ya ga ƴarsa zaune shiru tana aikin hannu.

Amma har yanzu da saura. Helen tana bin umarni, ba ta san dalili ba. Kullum Malama tana rubuta mata kalmomi cikin tafin hannu da yatsu, kowane harafi da yadda ake lanƙwasa yatsu dominsa. Helen tana kwaikwayo, amma a wurinta wasa ne kawai. Ba ta san kowane abu yana da suna ba.

Ran 5 ga watan Afrilu na 1887 suka je bakin famfon gidan. Ana buga famfo, Malama ta sa hannun Helen ɗaya ƙarƙashin ruwan sanyi. A ɗaya hannun ta rubuta mata kalmar ruwa da Ingilishi, sannu sannu, sa'an nan da sauri. Helen ta tsaya cik. Nan take ta gane abin nan mai sanyi da ke zuba a hannunta, wannan motsin yatsu shi ne sunansa. Sai ta taɓa ƙasa ta nemi sunanta. Ta taɓa famfo. Ta juyo ta taɓa An, An ta rubuta mata: malama. Kafin dare ta koyi kalmomi 30.

A safiyar ranar, cikin fushi, Helen ta fasa ƴar tsanar da aka ba ta, ko a jikinta. Da suka dawo daga famfo sai ta tuna. Ta laluba ta tattara gutsattsarin, ta yi ƙoƙarin haɗa su, ta kasa. Idanunta suka cika da hawaye. Daga baya ta rubuta cewa ranar ce ta fara sanin nadama. Da dare kuma ta matso jikin Malama da kanta, ta sumbace ta. Ba ta taɓa yin haka ba.

A watan Mayu na 1888 Malama ta kai ta makarantar Fakins. Yaran can makafi ne, amma sun iya haruffan yatsu. A can Helen ta sami abokan wasa masu yi mata hira cikin tafin hannu, ba tare da tafinta ba. Ta koyi rubutun makafi wanda Luwi Biray, mutumin Faransa, ya ƙago. Ta koyi Faransanci da Jamusanci. A 1890 ta fara koyon magana da baki, ko da yake har ƙarshen ranta sai wanda ya saba da muryarta ke gane ta sosai. Ta ƙare jami'a a 1904. A 1952 ta je birnin Pari ta yi jawabi da Faransanci, don tunawa da cikar shekara 100 da rasuwar Luwi Biray.

Malama An ta yi shekara 49 tare da ita. Ta rasu a 1936, Helen tana riƙe da hannunta. Helen kuma ta rasu ran 1 ga watan Yuni na 1968.

Kalmomi

makaho, makauniya : aveugle
kurma : sourd, sourde
alama : un signe
nadama : le regret
rubutun makafi : le braille

Tambayoyi

1. Me ya sa Helen take faɗuwa ƙasa tana ihu lokacin da take ƙarama?
2. Don me Malama An ta roƙi a bar su su biyu a ɗakin lambu?
3. Me Helen ta yi da ƴar tsanarta bayan sun dawo daga famfo?
4. Ku zauna biyu biyu. Ɗaya ya rufe idanunsa, ɗaya ya gaishe shi ba da murya ba. Daga nan ku faɗa wa ƴan aji yadda kuka yi.