Hawan Doki a Bakin Tekun Legas

Legas ba ƙasar doki ba ce. Ƙudan tsando da cutar sammore sun daɗe suna hana dawaki yin ƙarko a kurmi, kuma har yau dawakin haya na birnin akasari daga Arewa ake kawo su a mota, masu kula da su ma da yawa Hausawa ne. Amma birnin ya san doki. Dandalin Tafawa Balewa, inda aka yi bikin samun 'yancin kai ranar 1 ga Oktoban 1960, filin sukuwa ne a zamanin Turawa, kulob ɗin folo na Ikoyi kuwa tun 1904 yake, sai dai na mambobi ne.

Baƙon da ya sauka a Idumota ko Agege, in kilisa yake so, bakin teku zai nufa. Cikin Idumota babu masaka tsinke, tsakanin 'yan dako da masu baro da motocin danfo, doki ba shi da wurin sa kofato. Bakin tekun Bar Beach kuma, inda ake hawa a da, aikin gina Eko Atlantic ya cinye shi, saboda haka hawan ya koma gabas, wurare irin su Elegushi da ke Lekki. Ana biyan kuɗin shiga a ƙofa, na doki daban ne. A gama ciniki kafin a sa ƙafa a likkafa: nawa ne, daga ina zuwa ina, kuma da hoto ko babu. Yawancin rigimar wurin daga nan take tashi.

Duba dokin ya fi komai muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Dokin haya yakan wuni cikin rana yana ɗaukar mutane ɗaya bayan ɗaya, musamman Asabar da Lahadi da ranakun Sallah. A roƙi mai dokin ya ɗaga sirdi a ga gadon bayan. In akwai miki, ko gashi ya goge fata ta yi ja, a bar shi, domin dokin da sirdi ke ci masa ciwo shi ke yin tutsu, kuma hawansa zalunci ne. Haka wanda ke ɗingishi, ko haƙarƙarinsa suka fito, ko linzami ya yanka masa gefen baki. Daga nan sai majayi. Iskar teku mai gishiri tana cin fata da ƙarfe, don haka a ja shi da hannu a tabbatar bai rube ba, kuma ya ɗauru yadda yatsu biyu kawai za su shiga. Sirdin da ya juya yakan kai mahayi ƙarƙashin cikin doki. Likkafa a daidaita ta da tsawon ƙafa, a taka da gaban tafin kawai, don ƙafa ta zare in an faɗi. Silifa ba takalmin hawa ba ne. Hular kwano ba kasafai ake samunta ba, mai ita ya zo da abarsa, musamman don yara.

Ana tunkarar doki ta wajen kafaɗar hagu, ana yi masa magana, ba a bi ta bayansa. In ya kwantar da kunnuwa baya, cizo ko harbi na tafe. Wanda bai iya ba ya bar ragama a hannun mai doki, babu abin kunya a ciki. Wanda ya saba hawan Sallah a Kano ko Katsina shi ma ya sassauta, domin busasshen yashi mai zurfi yana gajiyar da doki yana murɗa masa ƙafa. Jiƙaƙƙen yashi ya fi tauri, amma igiyar Atlantika a nan tana da ƙarfin ja, tana zare yashi daga ƙarƙashin kofato. Kada a tura doki cikin ruwa don hoto. Sanyin safiya da bayan la'asar sun fi dacewa, watan Yuni kuma ruwan sama ya fi yawa.

Bakin teku na kowa ne. Akwai iyalai zaune kan tabarma, da masu gasa kifi, da masu kwakwa, ga yara suna gudu ba sa duba gabansu. Kusa da mutane tafiya ake yi, sukuwa da zamiya sai inda fili ya buɗe. A yi gyaran murya ko sallama kafin a wuce na ƙasa, a bar tazarar tsawon doki tsakanin dawaki biyu, kada a kusantar da ingarma ga goɗiya. A kauce wa inda ake sallah da inda ake cin abinci. In an watsa wa wani yashi, a tsaya a ba shi haƙuri, da Hausa ko Yarbanci ko Turancin buroka. Bulala da ƙaimi ba na ɗan haya ba ne. In aka yi faɗuwa mai tsanani, kada a ɗaga wanda ke kukan wuya ko baya, a kira 112 ko 767, lambobin agajin gaggawa na Jihar Legas.