Alamar Ma'aikatan Agaji a Lokacin Yaƙi

Mutanen Illela sun saba ganin ma'aikatan agaji na Red Cross, a nan gida da kuma can Birnin Ƙonni. Ba soja ba ne, ba su kuwa ɗaukar makami. Garkuwarsu ita ce alamar da ke jikin rigarsu, watau jan kuros a kan farin ƙyalle.

An tsai da wannan alama a Jeniba cikin 1864, domin a bambanta mai jinya da mayaƙi. Ba ta addini ba ce. Turkawa suka zaɓi jan jinjirin wata a 1876, aka amince da shi a 1929. Darajarsu ɗaya.

Bisa yarjejeniyar 1949, mai jinyar raunanan yaƙi yakan ɗaura alamar a dantsen hagu, da hatimin hukumar soja, ya riƙe katin shaida. A yaƙin basasar Nijeriya, 1967 zuwa 1970, ƙarƙashin alamar nan aka kai wa mayunwata abinci da magani.

Saboda haka kada mai kantin magani ko direba ya liƙa ta don ado. In alama ta zama ta kowa, ran da wuta ta tashi ba wanda za ta tsare.