Yoga: Karkiyar Jiki da Hankali

Ɗan'uwa mai karatu, ka san karkiya? Ita ce itacen da manomi ke ɗora wa shanu biyu bisa wuya don su ja garma tare. In sa guda ya ja gabas, guda ya ja yamma, ba huɗa, sai wahala. To, riƙe wanga misali, da shi za mu gane darasinmu na yau.

Yoga kalma ce ta Sanskirit, wani tsohon harshe na ƙasar Indiya. Ma'anarta haɗa abu biyu wuri guda, kamar yadda karkiya ke yi. Shanun biyu kuwa su ne jikinka da hankalinka. Sau da yawa jiki na wurin aiki, hankali na can wurin bashi ko kuɗin cefane. Yoga hanya ce ta koya musu tafiya tare.

Wajen shekara 2000 da suka wuce, wani malamin Indiya mai suna Patanjali ya tattara wannan ilimi, ya kasa shi kashi 8. Kashin farko halin kirki ne: kar ka cuci kowa, kar ka yi ƙarya, kar ka yi sata. Zaman jiki shi ne na 3, numfashi na 4. A 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsaida 21 ga watan Yuni ta zama ranar yoga ta duniya.

Sai dai a faɗi gaskiya. Yoga ta taso cikin addinan mutanen Indiya, kuma wasu na haɗa ta da addu'o'insu da kiran sunan abin bautarsu. Wannan ba namu ba ne, mu bar musu. Abin da za mu ɗauka shi ne miƙa jiki da gyaran numfashi. Wannan motsa jiki ne kurum, ba ibada ba.

Ko kana cewa: "Ai ni kullum cikin aiki nike, me zan yi da motsa jiki?" Duba dai. Tela a babbar kasuwar Maraɗi na wuni zaune bisa keke. Ɗan kabu-kabu na wuni bisa babur. Mai noman rani a Jiratawa na wuni duƙe cikin albasa da zogale. Ke kuma ƴar'uwa ta Tibiri, ga daka, ga ɗaukar ruwa, ga goyo. Kowane aiki gefe guda na jiki yake ci. Shi ya sa da marece baya ke ciwo, wuya ya sage, dare ya yi barci ya ƙi zuwa.

Ga abin da za ka gwada da safe kafin ka ci abinci. Minti 10 sun isa.

1. Shimfiɗa tabarma, ka zauna ka miƙe bayanka.
2. Ja iska ta hanci kana ƙirga 4 a zuci, ka sake ta sannu kana ƙirga 6. Yi haka sau 10. In tunani ya gudu, maido shi wurin ƙirgar.
3. Tashi tsaye, ka ɗaga hannu biyu sama, ka karkata dama, ka karkata hagu.
4. Kwanta rigingine, ka jawo gwiwoyi zuwa ƙirji, sannan ka saki jiki ka huta.

Kar ka yi da ƙarfi. Inda ka ji zafi, tsaya nan. Sannu ba ta hana zuwa. Mace mai ciki, da mai hawan jini, da wanda aka yi wa aiki, su tambayi likita tukuna. Kuma yoga ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro. In jiki ya yi zafi, a tafi asibiti.

Manomin kirki ba ya barin shanunsa su ja da juna. Kai ma kar ka bar naka. Lafiya uwar jiki ce.

Tambayoyi

1. Mene ne ma'anar kalmar yoga?
2. Me za mu ɗauka daga cikinta, me za mu bari?
3. Wane gefen jikinka aikinka ya fi ci? Rubuta amsarka cikin layi biyu.